Yadda ake sake haɗa tsohuwar motar soja M35A2 a gida

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Wannan tarkacen da ke gabana, inji a gefe, giyabos a ƙasa, tayoyi goma an jingine su da bango, duk fa mota ɗaya ce, M35A2 ta sojojin Amurka, wadda ake ce wa mai tan biyu da rabi saboda nauyin kayan da take ɗauka a inda babu titi. Kamfanin REO ne ya zana asalinta a 1949, kuma ita kaɗai ba kaya ta kusa tan 6. To kwance ta kam ba wuya, duk mai sifana da ƙarfin damtse zai iya cikin sati biyu, a wajen mayarwa ne mutane da yawa ke sarewa har mota ta shekara biyar a ƙarƙashin tamfol.

Shi ya sa tun kafin ka kwance noti na farko ka ɗau hoto, ka cire ka sake ɗauka, kowane rukunin notina ka zuba a leda ka rubuta inda ya fito. Kar ka ce ai zan tuna, wallahi bayan wata shida ba za ka tuna ba. Sannan ka nemi littattafan gyaranta na soja waɗanda ake kira TM, suna nan a intanet, kuma a ciki aka rubuta ƙarfin da za a ɗaure kusan kowane noti.

Mayarwa daga ƙasa ake farawa. A kankare tsatsar shasi a yi mata fenti, sai sifirin da aksul guda uku, sabbin sil, boris a wanke a cika da giris. Kuma don Allah kar ka shiga ƙarƙashinta jek kaɗai na riƙe da ita, ka sa matokara mai ɗaukar nauyin. Wani abu da ke ba sabon shiga wahala, notinan tayoyin ɓangaren hagu juyinsu a birkice yake, in ka juya yadda ka saba ƙara ɗaure su kake har ka karya ƙusar. Rim ɗin kuma mai zoben ƙarfe ne, in zoben bai zauna daidai ba aka sa iska yana iya fizgewa ya kashe mutum, don haka a cikin keji ake hura tayar ko a naɗe ta da sarƙa mai kauri ka tsaya nesa.

Yanzu inji. Sunansa LDT-465, silinda shida a jere, lita 7.8, da turbo, ƙarfinsa wajen doki 134 ne kawai, ba don gudu aka yi shi ba, in ta kai kilomita 90 a awa ta ƙure. Abin da ya sa ake sonsa shi ne yana shan dizal, yana shan kananzir da man jirgi, har fetur in larura ta kama, amma kai da ka kashe kuɗinka ka ba shi dizal mai tsabta ka huta. Kan injin biyu ne, kowanne na rufe silinda uku, kuma gasket ɗinsu ya yi suna wajen yoyo, to ka kai a duba ko kan ya lanƙwashe kafin ka mayar, ka ɗaure da sifana mai awo daga tsakiya zuwa gefe, a hankali, zagaye bayan zagaye. Famfon injekta kuwa in ba ka da kayan gwaji ka bar wa masu shi, kai naka ka daidaita alamomin tayimin lokacin ɗorawa. Tanki a wanke shi tas, filtar mai guda uku duk a canza. Wutarta bolt 24 ce, batir biyu masu 12 a haɗe a jere, kar ka je ka ɗaura mata kwan fitilar ƙaramar mota.

Amma ni inda na fi damuwa shi ne birki, don kowa zumuɗinsa ya ji inji ya tashi, birki sai a ce daga baya. Birkin motar nan iska ce ke taimaka wa mai, kuma a yawancinsu layi ɗaya ne tal, ma'ana tiyo ɗaya ya fashe duk ƙafafun sun rasa birki lokaci guda, ga tan 6 na gangarowa. Saboda haka duk tiyon roba a canza ko da a ido yana da kyau, bututun da ya yi tsatsa a canza, masta, wato babbar silindar da ke tura man birki, da silindar kowace ƙafa a sa sabbin robobi. Sojoji man birki samfurin DOT 5 suke zuba mata, mai silikon, kuma ba a gauraya shi da DOT 3. Wajen fitar da iska daga layi a fara da eyafak, wato tukunyar da ke ƙara ƙarfin, sannan a bi ƙafafu ɗaya bayan ɗaya.

Ranar tayarwa ka ja wayar kashe inji waje, ka murza sitata har agogon baƙin mai ya motsa, sannan ka mayar da wayar. Ka ajiye katako mai faɗi kusa da bakin turbo, don injin dizal in ya ƙwace yana ta hauhawa toshe masa iska ne ke kashe shi, kuma da katako ake toshewa ba da tafin hannu ba. In ta kama, bar ta a silo, ka zagaya kana duba yoyo, ka jira ƙarar gargaɗin iska ta ɗauke in agogon iska ya kai wajen 60 psi. Sai ka taka birki da ƙarfi ka riƙe minti ɗaya, in feda tana nutsewa a hankali kashe ta, mu koma ƙarƙashi.