p53, mai gadin da ke kiran mai korarsa

Assalamu alaikum jama'a. Ƙarfe tara na dare ne a nan, kowa ya watse daga ɗakin bincike, saura ni da wannan hoton. Bari in matso da kyamara. Kun ga baƙaƙen layukan nan biyu? Na hagu siriri, da ƙyar ake ganinsa, na dama kuwa ya yi kauri. Duk furotin ɗaya ne, p53. Na hagu daga lafiyayyar ƙwayar halitta ya fito, na dama daga ta ciwon daji.

Ranar da na fara gani, cewa na yi na haɗa samfur ba daidai ba. Ai p53 shi ke hana daji, ta yaya zai fi yawa inda dajin ya ci?

Ga yadda abin yake. Shi p53 umarni yake bayarwa. Idan DNA, wato kundin gadon da ke cikin ƙwayar halitta, ya samu rauni, sai p53 guda huɗu su haɗu su zauna a wasu keɓaɓɓun wurare a jikin DNA ɗin, su sa a karanta ƙwayoyin gadon da ke nan. Ya kunna ɗaya daga cikinsu, p21, ƙwayar halittar ta daina rabuwa har a yi gyara. In ɓarnar ta fi ƙarfin gyara, ya kunna wata, PUMA, ƙwayar ta kashe kanta.

Abin da ya fi burge ni shi ne, cikin waɗanda yake kunnawa har da MDM2, wanda aikinsa ya sa wa p53 alama a kai shi a narkar. Da bakinsa yake kiran mai korarsa! Shi ya sa na hagun nan bai da yawa, ba ya daɗewa. Na dama kuwa, na ƙwayar daji, p53 ne da ya lalace, ba ya iya kama DNA, bai kunna p21 ba, bai kira MDM2 ba. Sai ya yi ta taruwa, ga yawa, ba aiki.

Ba ni kaɗai ya ruɗa ba. Da su David Lane da Arnold Levine suka gano shi a 1979, mai haddasa daji aka ɗauke shi, sai a 1989 aikin su Bert Vogelstein ya nuna mai hanawa ne. Kusan rabin cututtukan dajin ɗan Adam, za ka tarar p53 ɗinsu ya lalace.

To, agogona ya buga, ƙwayoyin halittar da nake reno na jiran a sauya musu ruwa. Bari in sa safar hannu.