Me Faransawa suke cewa game da ficewar sojojinsu daga Sahel?

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Yau ba kasuwa za mu ba, ba kuma maganar takardun zama za mu yi ba. Mutane da dama daga Maradi, Damagaram da Kano sun yi ta aiko mini da tambaya iri ɗaya: su Faransawan da kuke zaune da su, me suke cewa game da ficewar sojojinsu daga ƙasashenmu? Suna jin haushi? Ko ma ba su san an yi ba? Shi ya sa na ɗauko ku muka zo nan lambun André-Citroën, a gunduma ta 15 ta birnin Paris, kusa da kogin Seine.

Bari in matso da kamara ku gani da kyau. Waɗannan mutum-mutumin sojoji ne guda 6 na tagulla, maza 5 da mace 1. Ku dubi yadda suka jeru, uku nan uku can, hannuwa a kafaɗa kamar masu ɗauke da makara, amma tsakaninsu babu komai sai iska. A bangon can kuma an rubuta sunayen sojojin Faransa da suka mutu a yaƙe-yaƙen ƙetare. Shugaba Macron ne ya buɗe wurin ranar 11 ga Nuwamba 2019. Mako biyu kacal bayan haka, ranar 25 ga wata, jirage masu saukar ungulu guda 2 suka yi karo da dare a yankin Menaka na Mali, sojoji 13 suka mutu a lokaci ɗaya. Daga nan ne muhawarar janye sojoji ta yi zafi a ƙasar nan.

Kafin nan kuwa ba a cika yin gardama ba. Ranar 11 ga Janairu 2013 shugaban Faransa na lokacin, François Hollande, ya tura sojoji Mali, bisa roƙon gwamnatin Bamako, lokacin da masu iƙirarin jihadi suka kama garin Konna suka doshi kudu. Sunan aikin Serval. A watan Fabrairu Hollande ya je Timbuktu da Bamako, jama'a suka fito da tutocin Faransa suna murna. Wannan gaskiya ce, kuma ba daidai ba ne mu goge ta don yau zuciyarmu ta sauya. A nan Faransa ma kashi 73 cikin 100 na mutanen da aka ji ra'ayinsu sun goyi baya. A Agustan 2014 aka faɗaɗa aikin ya koma Barkhane, ya haɗa Mali, Nijar, Burkina Faso, Chadi da Muritaniya, aka sa hedikwata a Njamena.

To ga abin da nake so ku riƙe. Sashe na 35 na tsarin mulkin Faransa ya ce idan aka tura sojoji waje suka wuce wata 4, dole gwamnati ta nemi amincewar majalisa. An yi hakan a Afrilun 2013, majalisa ta amince a ci gaba da Serval a Mali. Daga wannan ƙuri'ar ba a sake wata ba. Aikin ƙasa ɗaya ya zama na ƙasa biyar, sojoji suka kai 5,100, kuɗin da ake kashewa ya doshi yuro biliyan 1 a shekara, amma 'yan majalisa ba su sake ɗaga hannu a kai ba. Ko a Fabrairun 2022, da firaminista Jean Castex ya kai maganar gaban majalisa, magana aka sha aka watse, babu ƙuri'a. Wannan shi ne babban ƙorafin ɗan adawa Jean-Luc Mélenchon da jam'iyyarsa, waɗanda suka daɗe suna cewa a tsara ranar dawo da sojoji gida. A wannan batu dai ina tare da su.

Gwamnati kuma tana da nata dalilin, kuma ba na wasa ba ne. Ministar tsaro ta lokacin, Florence Parly, da sauran masu kare aikin suna cewa idan aka bar Sahel ta faɗa hannun Al-Ƙa'ida da Da'esh, wutar za ta iso Turai. Mutumin da ya ga abin da ya faru a gidan kaɗe-kaɗe na Bataclan a Nuwamban 2015, inda hare-haren wannan dare suka ci rai 130 a birnin nan, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Suna kuma nuna nasarorinsu: sun kashe Abdelmalek Droukdel, shugaban Al-Ƙa'ida na yankin Magarib, a Yunin 2020, sun kashe Adnan Abu Walid al-Sahrawi na Da'esh a 2021. Amma ana kashe shugaba, wani na hawa, kuma yaran da ake ɗauka daga rugage da ƙauyuka ba sa ƙarewa. Shi kansa babban hafsan sojojin Faransa na lokacin, Janar François Lecointre, ya faɗa a ƙarshen 2019 cewa yaƙin nan ba irin wanda ake samun nasara ta ƙarshe a cikinsa ba ne. A Janairun 2021 wani binciken jin ra'ayi na cibiyar Ifop ya nuna a karon farko masu adawa sun fi yawa, kashi 51.

Akwai wata dattijuwa a benen da nake zaune, ɗanta ya yi aiki a sansanin Gao da ke Mali. Ta ce mini duk tsawon watannin da ya yi can ba ta taɓa kashe wayarta da dare ba, a ƙarƙashin matashi take kwana. Ta ce duk lokacin da aka kawo gawa takan je gadar Alexandre III ta tsaya tare da jama'a har motar ta wuce zuwa Invalides, inda ake yi wa sojoji karramawar ƙarshe, ko da ba ta san mamacin ba. Allah Ya dawo mata da nata lafiya. Da na tambaye ta ko ya kamata a janye, sai ta ce ita abin da take so kawai wani ya gaya mata abin da aka je yi, da kuma ranar da za a ce an gama. Sojojin Faransa 58 ne suka mutu a Sahel, kuma kowannensu ɗan wani ne. Ba na raina wannan hawaye ko kaɗan.

Amma 'yan uwa, abin da yake ci mini rai shi ne, a duk shekarun da na yi ina sauraron wannan muhawara a rediyo da talabijin, lissafi uku ake yi: sojojinmu nawa suka mutu, kuɗi nawa muka kashe, kuma martabar Faransa ta ƙaru ko ta zube. Ranar 10 ga Disamba 2019 an kashe sojojin Nijar 71 a Inates. Wata guda bayan haka, a Chinagodar, aka kashe 89. A Maris 2021 an kashe farar hula 137 a yankin Tilliya na jihar Tawa. Duk wannan fa sojojin Faransa suna nan da jiragensu marasa matuƙi a filin jirgin Yamai. Labaran nan sukan fito a nan, layi biyu, gobe an wuce. Bayan Inates ne aka yi taron birnin Pau a Janairun 2020, inda Macron ya kira shugabanninmu biyar su zo su faɗa a fili ko suna son sojojin Faransa. Yadda aka yi kiran ya ɓata wa mutane da yawa rai a gida, domin ya yi kama da sammaci.

Sai batun Bounti a Mali, ranar 3 ga Janairu 2021. Jirgin Faransa ya jefa bam a kan taron mutane. Paris ta ce 'yan ta'adda ne. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce taron biki ne, kuma farar hula 19 suka mutu. Gwamnatin Faransa ba ta yarda da rahoton ba. A Nuwamban 2021 ɗin ayarin motocin Barkhane da ke kan hanyar Gao ya ci karo da masu zanga-zanga a garin Tera na Nijar, mutum 3 suka mutu. Wanda yake son ya gane dalilin da ya sa tutar da aka ɗaga a 2013 aka koma ƙona ta, ya fara daga waɗannan wurare kafin ya ɗora komai a kan farfagandar Rasha. Farfagandar akwai ta, amma ta tarar da zukata a dafe. Haka nan lokacin da taron ƙasa na Mali ya ba da shawarar a gwada magana da jagororin masu iƙirarin jihadi, Iyad Ag Ghali da Amadu Kufa, Paris ta ce ba a zama da 'yan ta'adda. Ko shawarar tana da kyau ko ba ta da shi, ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ƙarshe dai ba majalisar Faransa ce ta yanke hukunci ba, juyin mulki ne ya yanke. Sojojin Faransa sun bar Mali a Agustan 2022, Burkina Faso a Fabrairun 2023. A Nijar, bayan an hamɓarar da Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023, an yi wata biyu ana ja-in-ja, jama'a na kwana a ƙofar sansaninsu, har Macron ya sanar da janye sojoji 1,500, na ƙarshe suka tashi ranar 22 ga Disamba. Chadi ta biyo baya a Janairun 2025. A farkon Janairun 2025 ɗin ne Macron ya gaya wa jakadunsa cewa an manta ba a ce wa Faransa an gode ba. Ranar na je cin abinci Montreuil, inda 'yan Mali suke da yawa, wani dattijo ɗan Kayes ya ajiye cokalinsa ya ce mini, ɗana, kakana ya yi musu yaƙi da Jamus, wa ya zo ya gode mana?

Ni ra'ayina, ficewar ta yi daidai, kuma da an yi ta cikin tsari tun da wuri da ya fi wa kowa. Amma zan faɗa wa 'yan uwana na gida abin da wasu ba sa son ji. Tafiyar Faransa ba ta kawo zaman lafiya ba. A Mura ta ƙasar Mali, a Maris 2022, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sojojin Mali da wasu sojojin waje sun kashe mutum aƙalla 500. Ranar 21 ga Maris 2025, cikin azumi, an kashe masallata 44 a masallacin Fambita da ke jihar Tillaberi, ana sallar Juma'a. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Tambayar da muka yi wa Faransa, wato ina amfanin zamanku idan ana kashe mu, haƙƙinmu ne mu yi wa masu mulkinmu na yau, kuma wanda ya yi ta ba maci amanar ƙasa ba ne. A nan aƙalla ɗan majalisa yana iya miƙewa ya ce wa minista ƙarya kake yi, ɗan jarida ya buga rahoton Bounti ya kwana a gidansa. Ina so mu ma mu samu wannan.

Don haka amsar tambayarku ita ce, yawancin Faransawa sun riga sun wuce wurin, hankalinsu ya koma Ukraine da tsadar rayuwa. Sojoji da iyalansu ne suka rage da ciwon. Idan akwai mai kallona daga Tillaberi, Tawa ko Diffa, don Allah ku aiko mini da saƙon murya ku gaya mini yadda hanya da kasuwa da noma suke a wajenku tun bayan ficewar, ba sai kun faɗi suna ba. Da muryoyinku nake so in haɗa bidiyo na gaba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba ƙasashenmu lafiya. Sai an jima.