Me ya sa tamowa ba ta barin yaran Damagaram ko damina ta yi kyau?

Jama'a sannunku. Wasu gani suke sai an yi shekara irin ta 2005, bayan fari da fara sun haɗu sun cinye gonaki a 2004, sannan yara ke ramewa. A'a wallahi. Ko shekarar da rumbu ya cika, leƙa likitar Magaria a watan Agusta ko Satumba ka ga uwaye da goyo.

To me ke kawo haka? Jihar Zinder, wato Damagaram, ta fi kowace jiha yawan jama'a a Nijar, kuma a kudu mutane suka fi cunkushewa, su Magaria da Matameye da Mirriya, gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki sun raba ta gado, kowa ɗan tsinke, ba a barin ƙasa ta huta kuma takin ma ba kowa ke iya saye ba. Da kaka manomi zai kai hatsinsa kasuwa da arha don biyan bashi ko hidimar biki, damina na kankama rumbu ya yi ƙasa, shi ne kuma zai koma yana awon tiya da tsada. OPVN, ma'aikatar gwamnati mai ajiyar abinci, na saida hatsi da rahusa, gaskiya ne, amma ina zai ishi kowa?

Sai abin da ke cikin kwanon. Fura da safe, tuwo da dare, cikin yaro ya cika amma jiki bai samu abin gini ba. Waken da muka noma mun saida, gyaɗa ma haka, alhali ɗan garin ƙuli-ƙuli ko wake cikin kunu, da zogale, da ƙwai in an samu, su yaron ke buƙata. Jariri kuwa nono zalla har wata 6, ko ruwa kar a ba shi, na san kakanni ba sa son jin wannan amma ruwan nan shi ke jawo gudawa. Ga masassarar cizon sauro ita ma daidai lokacin take zuwa ta ƙarasa yaro.

Kun san ɗan ma'aunin nan mai kala uku da ake ɗaura wa yaro a dantse? In ya nuna ja, ƙasa da santimita 11.5 ke nan, a kai shi likita ranar, kar a tsaya jiƙe-jiƙe. Plumpy'Nut ɗin da za a ba ki, wato abincin nan na gyaɗa da ke cikin 'yar leda, magani ne, hajiya, na mai tamowar ne shi kaɗai, ba a raba wa yayyensa, ba a kai shi kasuwa.