Hirar Kimiyya daga Damagaram: Muwon a Cikin Rabin-ƙarfe

Hadiza: Malam, tun makon jiya masu sauraro sun dame mu da maganar Co3Sn2S2, kiristal ɗin nan rabin-ƙarfe na kobalt, kuza da farar wuta, wai me muwon ya gano a cikinsa?

Malam Lawali: Sai mu fara da aikin kansa. Muwon wani ƙanƙanin ɓurɓushi ne mai kama da ilektoron amma ya fi shi nauyi. Yana shiga samfur da makamashin 4.1 MeV (ma'aunin makamashin irin waɗannan ɓurɓushi), juyinsa, wato ɗan maganaɗisun da ke jikinsa, duk ya fuskanci gefe guda. Ya tsaya a tsakanin atam, ya riƙa kewaya gwargwadon ƙarfin maganaɗisun wurin, megahaz 135.5 a kowane tesla, wato ma'aunin ƙarfin maganaɗisu. Bayan maikirosakan 2.2 a matsakaici sai ya mutu, ya saki pozitiron, kishiyar ilektoron, galibi ta inda juyin ya dosa. Na'urorin gaba da baya su ƙirga pozitiron ɗin.

Sani: Shi ke nan rayuwar tasa? Ko ƙanƙara a kasuwar Dole cikin Afrilu ta fi shi daɗewa.

Hadiza: Ai ƙanƙarar Dole tana kai wa gida in kana da babur.

Sani: In babur ɗin ya tashi!

Malam Lawali: Ku bar babur. Wannan kiristal ɗin yana zama maganaɗisu in an sanyaya shi zuwa wajen 177 a ma'aunin zafi na kelbin. Ma'aunin da aka saba da shi jimilla yake ba ka, muwon kuwa yana faɗa maka kashi nawa na jikin samfur ya jeru. A cibiyar bincike ta PSI a Suwizalan aka ga cewa ƙasa da kelbin 90 duk juyin sun bi hanya ɗaya, sama da haka wani sashe ya ɗauki jeri mai saɓa wa juna. Wannan ne ya burge ni.

Hadiza: Ina ake tuntuɓe?

Malam Lawali: Kauri. Ana so a samu kamar miligiram 150 a kowane murabba'in santimita, in ba haka ba muwon ya ratsa ya faɗa kan mariƙi. Shi ya sa ake yin mariƙin da azurfa, ba ta dagula sigina. Sannan kafin komai a daidaita na'urorin biyu da ƙaramin maganaɗisu a gicciye, sama da zafin da jeri ke farawa. Wanda ya tsallake wannan, lissafinsa duka ya karkace. Kuma maganaɗisu mai ƙarfi irin wannan a kai shi PSI ko cibiyar TRIUMF ta Kanada. A cibiyar ISIS ta Ingila muwon a dunƙule yake zuwa, kewaye mai sauri ɓacewa yake.

Sani: To mazaunin muwon a cikin kiristal ɗin fa? Mun yi alkawarinsa.

Hadiza: Ga kiran la'asar, Malam. Sai mako mai zuwa.