Amsoshin Tambayoyinku: Shin Bernie Sanders ɗan gurguzu ne?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta yau daga Damagaram ta fito. Wani malamin makaranta ne ke son sanin ko da gaske Sanata Bernie Sanders na Amurka ɗan gurguzu ne, kuma ko abin da yake faɗa a bakinsa shi yake yi idan an zo jefa ƙuri'a a majalisa.

To Malam, mun gode. Shi dai da kansa yana kiran aƙidarsa gurguzun dimokuraɗiyya, amma ba irin na tsohuwar Tarayyar Sobiyet ba. Ƙasashe irin su Denmak yake misali da su: a tatsi attajirai haraji, gwamnati ta ɗauki nauyin lafiyar kowa, a kuma ƙara mafi ƙarancin albashi. An haife shi a Brooklyn a 1941, kuma da ratar ƙuri'a 10 kacal ya zama magajin garin Burlington a 1981. Ya shiga majalisar wakilai a 1991, ta dattawa kuma a 2007, yana wakiltar jihar Vermont a matsayin ɗan indifenda, duk da cewa da 'yan Democrat yake tafiya.

Batun yaƙi nan ne ya yi suna. Ya ƙi amincewa da yaƙin Tekun Fasha a 1991, ya sake ƙin na Iraƙi a 2002, lokacin da Hillary Clinton da Joe Biden duk suka amince. Shi ya jagoranci ƙudurin janye hannun Amurka daga yaƙin Yaman, wanda majalisa ta zartar a 2019 amma Shugaba Trump ya hau kujerar na-ƙi. A Nuwamban 2024 ya nemi a dakatar da sayar wa Isra'ila wasu makamai saboda Gaza, aka kayar da shi warwas. Ga shi kuwa Bayahude ne. Akwai kuma ranar da ba a mantawa a Disamban 2010, da ya tsaya da ƙafafunsa fiye da awa takwas yana sukar rage wa masu kuɗi haraji.

Sai dai fa Malam, kada ka ɗauka farar takarda ce. A 2001 ya amince da dokar da ta buɗe ƙofar yaƙin Afghanistan. Kan bindiga kuwa, abin zai ba ka mamaki: ya ƙi dokar Brady ta 1993 mai tilasta bincikar mai sayen bindiga, a 2005 kuma ya goyi bayan kare masu ƙera bindigogi daga ƙara a kotu. Vermont jihar ƙauyuka ce da mafarauta, ɗan siyasa kuma ya san inda ƙuri'arsa take. Sai a takarar 2020 ya fito fili ya amsa cewa ƙuri'ar nan ta 2005 kuskure ce.

Da fatan Malam ya gamsu. Bari mu buɗe wasiƙa ta gaba.