Masu Yabon Atina, Ina Kuka Bar Melos?

Jama'a masu sauraro, duk lokacin da aka taso da maganar mulkin jama'a sai ka ji wani ya shiga kambama Atina ta tsohuwar Girka, yana kiranta uwar dimokuraɗiyya. Wannan yabo ya ishe ni, domin masu yin sa ba sa taɓa ambaton tsibirin Melos.

Bayan an fatattaki Farisawa, a shekara ta 478 kafin haihuwar Annabi Isa, biranen Girka da dama suka ƙulla ƙawance, suka ajiye baitulmalinsu a tsibirin Delos. A 454 Atina ta kwashe dukiyar ta kai gida, gudummawa ta koma haraji, tun kafin nan ma duk wanda ya nemi ficewa, kamar tsibiran Naksos da Tasos, sai ya ga jiragen yaƙin Atina a gaɓarsa.

A 416 Atina ta iso kan Melos, ɗan tsibirin da ya ƙi miƙa wuya, ya roƙi a bar shi ɗan ba-ruwanmu tsakanin Atina da abokiyar gabarta, Sparta. Aka yi masa ƙawanya har ya sallama, aka karkashe mazan, aka bautar da mata da yara, aka kawo mutum 500 suka gaje gonakinsu. Ba sarki ne ya aikata wannan ba. Birnin da 'yan ƙasa ke taruwa suna ɗaga hannu ne ya aikata.

Za a ce haka zamanin yake, ai Sparta ma ta hallaka mutanen birnin Filatiya a 427. To, sai me? Laifin Sparta ba ya wanke Atina, kuma Atinawa sun san abin da suke yi. A wannan shekara ta 427 majalisarsu ta yanke a kashe dukan mazan Mitilini, birnin da ya yi musu tawaye, washegari nadama ta kama su, suka tura jirgi na biyu ya bi na farko da ya tafi da umarnin kisan. Matuƙan suna tuƙi suna cin garin sha'ir da aka kwaɓa da giya da mai, barci ma karɓa-karɓa suke yi, har suka iso kafin a zartar da hukuncin. Mutanen da suka yi wannan ba za a ce ba su san zalunci ba. Sun sani sarai!

Shi ya sa a 405, daren da labari ya iso cewa Sparta ta murƙushe jiragensu a yaƙin Igosfotami, Atinawa suka kwana ba barci, suna tsoron a yi musu abin da suka yi wa Melos. Korinti da Tebes, ƙawayen Sparta, kuwa sun nemi a shafe Atina, Sparta ce ta ƙi.