Jawabin Maraba ga Shehun Malamin Ilimin Magunguna a Zangon Kumasi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai martaba Sarkin Zango, Allah ya ja zamaninka. Limamai da malamai, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata, sannunku da fitowa. Babban baƙonmu Shehun Malami, ranka ya daɗe, a madadin masu harhaɗa magunguna da ma'aikatan jinya 'yan Zango, ina yi maka lale marhabin da sauka Aboabo.

Dalilin da ya sa muka nace sai ka zo yana faruwa kullum a kantunanmu. Baiwar Allah za ta miƙo takardar likita daga asibitin Komfo Anokye, an rubuta mata fluoxetine saboda ciwon damuwa, sannan ta kwance bakin zane ta fito da man kifi da ƙwayoyin zinc da ta sayo a kasuwar Kejetia, ta ce: "Malam, in haɗa?"

Amsar da muke da ita, akasarinta daga ɓeraye ta fito, wanda shi ne fagenka. Tun 1977 wani mai bincike mai suna Porsolt ya fito da gwajin da ake jefa ɓera cikin ruwan da ba shi da mafita, a ƙirga tsawon lokacin da ya daina fafutuka ya tsaya cik, ana ɗaukar raguwar wannan tsayuwa a matsayin alamar maganin damuwa yana aiki. Magungunan damuwa irin su imipramine da fluoxetine suna rage wannan tsayuwa, kuma masu bincike a Poland sun nuna cewa idan aka haɗa zinc da ɗan maganin da bai isa ya yi aiki shi kaɗai ba, ɓeran yakan ci gaba da motsi. Akwai kuma gwajin ruwan sukari, inda ɓeran da aka daɗe ana takura masa yake rage sha'awar zaƙi, magani ya dawo masa da ita.

Sai dai a ganina, ranka ya daɗe, ɓeran da ke iyo na minti 6 bai rasa miji ba, ba a kuma binsa kuɗin haya. Maganin yakan nuna aikinsa a gwajin iyo a rana guda, alhali majinyacinmu sai ya yi makonni yana sha kafin ya ji sauƙi. Ga shi kuma wani haɗin yana da haɗari, domin ganyen St John's wort tare da fluoxetine kan sa sinadarin serotonin ya yi yawa har ya kai mutum gadon asibiti.

Roƙonmu shi ne ka warware mana, da Hausar da iyayenmu za su gane, wane haɗi ne ya wuce matakin ɓera aka gwada shi a kan mutane, wanne ne kuma har yanzu bai fita daga ɗakin gwaji ba.

Ga ruwa, ga goro. Bismillah, ranka ya daɗe, fili naka ne.